Littafin da Na Ɗora a Saman Kabad

Bayan an rushe mana unguwarmu ta Karantina a Jidda, na samu aikin shara da goge-goge a unguwar Ruwais, gidan wani dattijo Balarabe mai tara kayan da. Iƙama, takardar izinin zama, ba ni da ita. Na tsufa a Jidda, amma ko jiniya na ji sai in nemi wurin ɓuya.

Wata safiya na shiga ɗakin karatunsa, sai ga ɗan littafi a buɗe kan wani guntun tebur, daidai inda ake miƙe ƙafa. Rubutun hannu ne, an zagaye shi da ruwan zinariya da shuɗi, ga furanni ƙanana kamar zanen lalle. Ni ban yi karatu ba, amma a gidanmu an koya mana cewa littafin da aka ƙawata haka sunan Allah ne a ciki, ba a barinsa ƙasa. Na yo alwala, na goge hannu, na ɗauka, na sumbata, na kai goshi. Na naɗe shi a mayafina mai tsabta, na taka kujera na ɗora can saman kabad.

Da la'asar gida ya rikice, wai littafin ya ɓace. Aka kulle ƙofa, aka jera mu a falo, ni da mai girki da direba. Babban ɗan gidan, waya a hannu, yana cewa, "Halas, shi ke nan, 'yan sanda zan kira, a caje kowa!"

In suka zo, takarda za su fara tambaya, daga nan sai jirgin mayar da ni gida, jikokina uku ba mai riƙonsu. In na yi magana, a ce ɓoyewa na yi in sace. Mai girki ta fashe da kuka.

Na dubi dattijon na ce, "Baba, yana sama."

Ya ce, "Wace sama, ya Hajja?"

Na nuna. Aka sauko da shi. Dattijon ya warware mayafin, ya bi shafi-shafi. Sai ga hoton wata mace cikin shuɗin lulluɓi, rungume da jariri.

Ya ce, "Littafin addu'ar Kiristoci ne. Wata gimbiyar Italiya aka rubuta wa, tun ba a haifi kakannin kakanninki ba. Me ya kai shi can?"

Na ce, "Na gan shi daidai ƙafa ne, Baba."

Ya daɗe yana dubana. Ɗan ya riga ya kara waya a kunne, ina jin tana ringi.

"Kashe," in ji uban.

"Baba, wallahi wannan tsohuwar..."

"Na ce kashe."

Ya kashe. Na zauna a kan tayil. Washegari aka sa wa ɗakin karatun makulli, aka bar mini kicin da tsakar gida.