Rigar Sallamar Tsohon Shugabanmu

A shekarun da kuza ke tashe a Jos, Turawa ba su kai ga tattara nasu ya nasu ba, mu telolin unguwar Gangare muna da ƙungiya, muna kuma da wata al'ada da ban taɓa jin ta a wani gari ba. Duk shugaban da ya sauka, sai an ɗinka masa babbar riga ta sallama. Mu 'yan ƙungiya ke yi wa gabanta aiki, gwargwadon yadda ya riƙe mu. Bayanta kuwa a kai wa telolin Yarbawa na bakin kasuwa, su zuba nasu gwargwadon yadda ya zauna da su. Ranar Juma'a ya saka ta ya tafi masallaci, jama'a su yi hukunci da idonsu.

Shugaban da ya sauka a wannan shekarar dattijo ne siriri, mai ɗan tsurut ɗin gemu. Kowa ya san ransa na kan rigar nan, don wanda ya gada aska takwas aka zuba masa, shi kuma ba ya son a ce ya gaza.

Muka taru a rumfa don a auna mulkinsa. A cikin gida dai bai bar mu mun sha iska ba. Ya hana shan shayi a kan keken ɗinki. Ya ce ƙyallen da ya saura a mayar wa mai kaya. Mafi muni, ya hana a ce wa mutum "gobe" in an san ba goben ba ce. To tela in ka raba shi da "gobe", me ka bar masa? Ni har yau ina nan a kan bakana, hana shayi a sanyin Jos zalunci ne.

A waje kuwa, sai ka rantse ba shi ba ne. Da aikin kakin ma'aikatan kuza ya faɗo mana, raba shi ya yi da Yarbawa. Ba ya fashin sunansu da bikinsu, ya zauna ya ci miyarsu mai yaji yana hawaye yana cewa ta yi daɗi. Wannan ya fi komai ƙona mana rai.

Muka yanke shawara: zare ɗaya siriri a bakin wuya, shi ke nan. Da rigar ta dawo daga bakin kasuwa, sai muka juya bayan. Aikin tambari ne na alharini, faɗinsa ya kai faifai, ko'ina a cike. Babban telansu da ya kawo ya juya gaban ya duba, ya ce, "Oga, ku bai gama ba ne?" Muka ce mun gama.

Da aka miƙa wa Shugaba, ya daɗe yana shafa gaban nan fayau. Wallahi ya ba ni tausayi. Ya naɗe ya tafi.

Ashe tausayin nawa asara ne. Ranar Juma'a tun hantsi ya isa masallaci ya kama sahun farko, duk wanda ya shigo bayansa yake gani. Da aka idar ya riga kowa fita, ya shiga gaba yana tafe a hankali, jama'a na biye suna tambayar wa ya yi wannan aiki. Ya iso rumfarmu, ya juya mana baya, a haka ya gaishe mu.

Sallah na matsowa, masu kawo mana ɗinki suka fara zarcewa bakin kasuwa da shaddarsu a hammata. Da abin ya ishe mu, aka tura ni gidansa. Na durƙusa na ce, "Baba, a ba mu rigar nan mu ƙarasa gaban."

Ya tsiyaya mini shayi da hannunsa, ya jira na kurɓa. Sannan ya ce, "Ai kun ƙarasa, ɗana. Duk wanda ya tambaye ni wa ya yi gaban, ina faɗa masa ku ne."