Tukunyar da Aka Karɓe Mini a Bakin Gada

Tana nan jingine da katanga a bayan ɗakina, baƙa ƙirin, kaji na shiga cikinta idan shaho ya gitta. Jikata, wadda ke rubuta mini wannan magana, ta ce masu sayen tsohon ƙarfe sun taya. Na ce ta ɗauko alƙalami tukuna, don a dalilin haihuwarta tukunyar ta zama haka.

Tukunyar ƙarfe ce mai ƙafa uku, sai mata biyu sun kama kafin ta hau murhu. Uwata ta zo da ita Kwantagora daga Auna. Ba a taɓa dafa ko ƙwayar shinkafa a cikinta ba, aikinta ɗaya ne: ruwan wankan jego. Mace idan ta haihu, safe da yamma a cika ta, a hura itace har ruwan ya yi ta tsalle, a tsoma ganyen runhu a riƙa fyaɗa wa mai jego har ta yi arba'in. Ƙaramar tukunya ba ta wannan aiki, kafin ki tafasa ta biyu ta farko ta huce, sanyi ya shiga jikin yarinya. Da ita aka yi mini wanka, da ita aka yi wa ƙannena. Matan unguwa kan aro ta, su maido da ita da ɗan sabulu a ciki.

'Yata tana aure a Dahome, mijinta fataucin atamfa ya zaunar da shi can. Cikin fari ne, ya kamata ta zo gida goyon ciki, damina ta hana. Sai wani falke ya kawo mana labari ta sauka lafiya, mace. Lokacin ba a yi Jihar Neja ba, da sule da fam muke ciniki.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana da a-kori-kura da yake jigilar dawa daga kasuwar Salka da Ibeto. Ya ce ba zan shiga motar haya da kayan jego ba, shi zai kai ni. Muka ɗora gero da kanwa da yaji, muka ɗaure tukunyar a tsakiya da igiya.

Shi fa goro ne makaminsa. A hanyoyinmu idan an yi ruwa akan saukar da shinge, kada manyan motoci su kwaɓe hanya. Shi sai ya sauko, ya gaida mai shinge har ya tambayi lafiyar akuyarsa, ya miƙa fari ɗaya ja ɗaya, a ɗaga masa. Bai taɓa ƙetare iyaka ba, ya ɗauka duniya duk haka take. Da muka wuce Yawuri muka kai bakin iyaka, wani mai canji ya ce masa, "Malam, canja da yawa, can gaba sandarsu ba ta jin gaisuwa." Maigida ya canja ɗan kaɗan, ya buga jakar goronsa ya ce, "Ga babban canji nan." Na ce masa ya ƙara. Ya ce tun yaushe na fara tuƙi.

Muna shiga ƙasarsu ya kusa kashe mu, don su ta ɗaya hannun suke tuƙi. Kowace mota ta taho sai ya fara salati yana tuno gefen da zai bi. Ga shinge bayan shinge, kowanne a ce kuɗin hanya. Kafin azahar abin da ya canja ya ƙare.

Sai muka iso wata gada, an gitta sanda, ga rumfa a gefe. Mai tsaron saurayi ne da gajeren wando, Hausarsa a karkace amma tana fita. Maigida ya sauko da fara'arsa.

"Sannu da aiki, samari. Ya gida, ya yara?"

"Kuɗin gada, Baba."

Ya miƙa masa goro. Yaron ya juya shi a hannu. "Wannan na ci ne. Na gada fa?"

Maigida ya fito da sulallanmu. Yaron ya ce ba su karɓar wannan, sai nasu.

"To ɗana, jego za mu, suna ya matso. Ka yi mana alfarma, in mun dawo mu biya."

"Kowa jego zai je, Baba. Jiya ma wani gawa ya ce ya ɗauko, na leƙa na tarar da albasa."

Ya zagaya bayan motar yana tattaɓa kaya. Ya wuce gero, ya wuce kanwa, ya ƙwanƙwasa tukunyar da ɗan makullinsa, ta yi ƙara kamar ƙararrawa. Ya ce a bar wannan jingina, ranar da aka kawo kuɗinsu a ɗauka.

Na sauko ban ko gyara mayafi ba. Na ce ya ɗauki gero duka, ya ɗauki zannuwana. Ya ce gero ɓera zai ci, ƙarfe kuwa yana jira.

"Inna, tuwon gari guda za ki tuƙa ne?"

"Ta wankan jego ce. Uwarka ba a yi mata wanka ba da ta haife ka?"

"An yi mata, a rafi."

Na juya wajen maigida, na tabbata zai ce mu koma bakin iyaka mu yi canji, ko da za mu kwana a hanya. Sai na ga yana kwance igiya. Bai dube ni ba. Ya ce, "Ki yi haƙuri, bayan suna zan zo in karɓa. Ƙarfe ne, ba ya ruɓewa." Shi da hannunsa ya kama kunne ɗaya, yaron ya kama ɗaya, suka kai ta rumfa. Ya miƙo mini goro a hanya, na jefar da shi ta taga.

Na tarar da 'yata a kwance, maƙwabta na ɗuma mata ruwa a tukwanen miya. Wata tsohuwa a gidan, wadda ta karɓi haihuwar, ta dubi kayana ta ce, "Uwar mai jego, an ce daga Najeriya za a kawo tukunyar da babu irinta. Ko tana tafe a ƙasa?" Na jera murhu uku, ina gudu tsakaninsu kamar mahaukaciya, in juye wannan in tarar wancan ya huce. Ruwan da na fyaɗa wa 'yata, ni na san ba shi ne wanda uwata ta fyaɗa mini ba.

Bayan suna surukinmu ya ba maigida kuɗin ƙasar, ya tafi karɓo tukunyar. Ya dawo hannu wofi, ya ce yaron ya tafi hutu da makullin ɗakin ajiya. Na yarda. Ya koma Kwantagora aikinsa, sai da aka yi arba'in ya zo ɗaukata. Na ce ina tukunya, ya ce tana nan a gada.

Tun kafin mu kai gadar na ji wari. Ma'aikata na facin hanya, hayaƙi na tashi a gefe. Maigida ya riga ya riƙe kuɗin a hannu, yana so a ɗaga sanda mu wuce da sauri. Ni kuwa na hango ƙafa uku a kan wuta. Kwalta suke narkawa a cikinta. Wani ƙato na juyawa da guntun katako, tana tafarfasa, tana zubowa ta baki.

Ban san lokacin da na buɗe ƙofa ba. Yaron nan yana nan, babu hutun da ya je.

"A'a, Inna mai tukunya. An yi suna lafiya?"

"Jingina ka ce. Haka ake yi wa jingina a garinku?"

"Kuɗin hanya ai don gyaran hanya ake karɓa. Gangar da muke amfani da ita ta fashe, taki ta taimaka. Yanzu ma a kan aikinta za ki wuce."

Ma'aikatan suka yi dariya. Na faɗa masa abin da ba zan sa jikata ta rubuta ba. Sannan na juya ga maigida, don shi bai yi mamaki ba. Na ce, "Ka sani." Ya ce, "Tun wancan zuwan na gani. Na ce kina da wanka a gabanki, kada in ɗaga miki hankali."

Ya biya kuɗin gada na zuwa da na komawa. Muka zauna a rana muna jiran su gama facinsu, su juye sauran, ta huce. Ya naɗe hannu da tsumma ya ɗora ta a mota shi kaɗai, ni ban kama masa ba.

Shekara da shekaru yana kankare ta. Kananzir, yashi, toka, tsinin wuƙa. Duk ranar da bai fita da mota ba sai ka ji shi a bayan ɗaki, ƙarr, ƙarr. Kwalta ta shige ƙarfen, ko ka zuba ruwa ka ɗora, da ya yi zafi sai mai ya taso a kai. Ba wanda zai fyaɗa wa mai jego wannan. Matan unguwa suka daina aikowa. 'Yata har yau idan damina ta kama sai gwiwoyinta su riƙe. Likita ya ce shekaru ne. Ya faɗi nasa.

Ranar da maigida ya rasu, a tukunyar maƙwabta aka ɗuma ruwan wankansa, tawa tana jingine tana kallo. Na yi kuka na rashinsa, na yi kuka na wannan, har yau ban iya raba su ba. Ina jin haushin yaron gada, amma shi baƙo ne, bai san abin da ya taɓa ba. Wanda ya sani shi ya kwance igiya. Kuma ya tafi ya bar ni ba wanda zan yi wa gori, ba wanda zai ce mini, "To, an sake tayar da maganar tukunya."

A gindinta daga ciki akwai wuri kamar faɗin tafin hannu inda ya ci nasara, ƙarfen ya fito fes. Nan ya tsaya. Masu sayen ƙarfe in sun dawo, a ce musu su wuce gaba.