Awon Jemagun Yangoji

Tun da wuri in faɗa, wawan labarin nan ni ne, da furfurata da aji huɗuna na firamare.

Lokacin da mulki ya dawo hannun farar hula, Abuja sai tsirar benaye take, ni kuwa ina ɗinki a Apo. 'Yar maƙwabcina, wadda ta yi boko har ana ce mata Dakta, tana aiki a wata hukumar gwamnatin tarayya. Ran nan ta zo in ɗinka mata 'yan jakunkuna. Na ce na kuɗi? Ta ce na jemagu.

Na yi salati. Ashe har jemage ya samu ofis a Abuja!

Wai so take ta gano ko jemagun ƙauyen Paikon Kore da na Yangoji girmansu ɗaya. Na Paikon Kore ta riga ta auna da kanta. Da za ta Yangoji abokin aikinta ya tafi kwas, sai ta ce, "Baba, kai da awo ne sana'arka, zo mu je."

Mako uku muna zuwa. Ita ta riƙe jemage da safar hannu, yana nuna mini haƙora, ni in ɗora wani ƙarfen awo a ƙashin fiffikensa in rubuta lamba. Har na fara jin kaina rabin Dakta.

Bayan wata biyu sai ga ta shago da ƙunshin tsire, fuska kamar an mata bushara da Makka.

"Baba, na Yangoji sun fi tsawon fiffike, kusan dukkansu! Oga ya ce jibi in gabatar gaban manya. Ƙila ma wani iri ne daban."

Na ce, "Masha Allah. Da sararin da na bari ko ban da shi?"

"Wane sarari?"

"Na ɗinki mana. Tela yana rubuta awo cif-cif ne? Kowanne na ɗan ƙara masa."

Tsiren ya faɗi ƙasa. Ta zauna kan buhun ƙyallaye, ta ce innalillahi ya fi sau biyar.

"Nawa ka ƙara? In duk ƙarin ɗaya ne sai in cire."

"Ai ya danganta, 'yata. Mai ƙiba nakan sakar masa hannu."

Ta dafe kai. Jemagun an sake su tuntuni, aikin ya tashi a banza, ga oga ya riga ya sanar da manya. Da bakinta za ta je ta warware.

Na gyara murya don in tsira da ɗan mutunci. "Dakta, shekara talatin ba wanda ya dawo mini da riga wai ta matse shi."

Ta ɗago jajayen idanu ta ce, "Baba, jemage na ba ka ka auna, ba ango ba."