Turbo a Kamyon Baba

Kamyon Baba ya girme ni, kuma a gidanmu ba a taɓa bari na manta da haka ba. In na yi rashin ji ina yaro, Inna kan ce in fita in koyi haƙuri wurin yayana, ga shi can ƙofar gida yana ɗigar da baƙin mai a ƙasa. Da shi Baba ya ciyar da mu. Yana ɗaukar dusa da gishiri da hatsi daga Tasawa zuwa kasuwar Isawan, ya dawo da awaki da wake. A gefensa na koyi tuƙi, amma har na yi aure na haihu kujerar direba tasa ce. Nawa lodi ne da canjin taya, sai in bayansa ya riƙe ya ba ni in ɗan ja.

In an wuce Mayahi aka yi arewa, akwai wani dogon tudun rairayi da duk direba ya san shi. Da injin ya tsufa, sai kamyon ya daina hawansa da kaya. Ya kai tsakiya ya yi ta gurnani, hayaƙi baƙi ƙirin, tayoyi na nutsewa. Sai mu sauke rabin buhuna a gindin tudu, mu hau da rabi, mu sauke, mu dawo mu kwashi sauran. Kafin mu shiga Isawan rana ta karkata, makiyayan da suka zo sayen dusa sun gaji da jira sun kora dabbobinsu.

Wata rana babban masu dusar ya zo zaurenmu. Abokin Baba ne tun suna samari, shi ya sa ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce ƴan'uwansa sun matsa, in damina ta wuce abin bai canza ba za su ba wani sabon kamyo daga Maraɗi kayan. Baba ya ce, "Allah shi sa haka ta hi alheri, Alhaji," ya raka shi har bakin hanya. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai. In babu kayan Isawan, kamyon sai masu sayen ƙarfe, Baba kuma sai tabarma. Na san ubana, ba zai daɗe a kan tabarma ba. Ranar na ƙudura cewa muddin ina numfashi ba zai sauka daga kujerar nan ba.

Akwai wani bakanike a Tasawa, sa'ana ne, tare muka shiga lakwal, makarantar boko, muka gudu. Shi ya kawo maganar turbo. Ya ce wani ƙarfe ne a naɗe kamar katantanwa, hayaƙin da ke fita shi ke juya shi, shi kuma ya riƙa cusa wa inji iska, kamar zugazugin maƙera. Injin da ya sha iska sosai zai ƙone man gazwal da kyau ya yi ƙarfi. Ya ce ba da shi aka ƙera namu ba, amma ana iya ɗora masa in an bi a hankali.

Baba ya ƙi. Ya ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma shi bai taɓa ganin an yi wa tsoho kaciya ba. Ban yi musu ba, amma ban bar maganar ba. Na tayar da ita bayan sallar la'asar, na tayar da ita a kan tuwo, na bi ta wurin Inna, na sake tayar da ita a gindin tudun muna jiƙe da gumi da buhu a kafaɗa. A can ne ya gaji.

"Kai, wanga yaro naci gare ka kamar ƙuda. Tahi ka yi. Amma in ka kashe mani mota, kai da Allah."

Na sayar da babur ɗina na tafi Maraɗi na sayo shi sabo a kwali. Sai aiki ya zama aiki. Bakin turbon bai dace da bakin salansa ba, aka yanka ƙarfe aka yi walda, bai zauna ba, aka sake. Aka ja masa siririn bututun da zai kai masa baƙin mai daga inji, da wani da zai mayar. Na farkon ya tsage ya watsa mini mai har cikin kunne. Aka sa babbar matatar iska saboda rairayinmu, aka ɗan ƙara wa famfon gazwal. Direbobin tasha suka mai da garejin wurin shan shayi. Wani ya ce an sa wa tsohuwa haƙorin zinari, wani ya ce in tanadi jakuna da za su jawo mu gida. Na ce su ci gaba, baki nasu ne. Sau da yawa dai da ƙyar nake riƙe hannuna kada in jefi wani da sifana.

Ranar da aka gama, bakaniken ya tsuguna gaban Baba ya yi masa bayani. Ya ce abin nan yana juyawa da gudun da ido ba ya gani, kuma a kan mai yake yawo. In aka kashe inji mai ya tsaya, shi kuwa yana nan yana juyawa a bushe da zafinsa.

"Don haka, Baba, in kun tsaya ku bar inji shina numhwashi a hankali har shi huce. Kada ku taka totur ku kashe. Wannan kaɗai nika roƙonku."

Baba ya ce ya ji.

Kasuwa ta zagayo muka yi lodi har sama. Da muka tunkari tudun na riƙe ƙofa gam. Baba ya yi bisimilla ya taka. Sai wani siririn fito ya tashi daga gaban motar, kamyon ya ɗaga ƙirji ya kama hawa. Ya wuce inda ya saba tsayawa, ya wuce ƙatuwar tumfafiyar da muke jingina buhuna, bai ko yi tari ba. Da muka kai bisa Baba ya bugi sitiyari da tafin hannu ya fashe da dariya, har na ga giɓinsa na can ciki. Mun shiga Isawan hantsi bai gama ɗagawa ba. Na yi farin cikin da ban taɓa yin irinsa ba.

Muna tsayawa a bakin kasuwa, Baba ya taka totur har ƙasa, injin ya yi ruri, ya ja makashin. Makashin wata waya ce mai ƙulli kusa da gwiwar direba, ita ake ja inji ya mutu. Shiru ya biyo baya, sai fiton turbon kaɗai yana ta yi shi ɗaya har ya ƙare.

Ban taɓa lura da abin a matsayin wani abu ba, don da shi na tashi. Duk tsofaffin direbobin tasharmu haka suke kashe mota. Iyayen gidansu sun koya musu cewa wannan takun na ƙarshe yana barin gazwal a maƙogwaron inji, da safe ya tashi bugu ɗaya. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, Baba ya yi shi fiye da shekarun da na yi a duniya. Da rurin nan unguwarmu ke sanin ya dawo, da shi Inna ke ɗora ruwan wanka.

"Baba, kun taka."

"Na taka?" Ya dubi ƙafarsa kamar ta wani ce. "To, ba ni ƙarawa."

Ya ƙara a Mayahi. Ya ƙara a ƙofar gida. Wani lokaci ya tuna, ya zauna yana jira har in ji daɗi, sai hannunsa ya kai ga makashin, ƙafar ta riga shi. Ba gardama yake yi ba, na ga yana jin kunya. Kafin gero ya yi bununi fiton ya koma kuka, hayaƙi ya zama shuɗi. Bakaniken ya kwance turbon, ya sa yatsa ya girgiza sandar ciki, tana lilo kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa. Ya dube ni ya ce, "Sabo dai, turken..." sai ya hango Baba tsaye a bayana ya haɗiye sauran.

Ban karaya ba. Na koma Maraɗi na nemo kayan ciki aka sake haɗa shi. Sannan na zauna na yi tunani. Takun ba shi ke kashe turbo ba, kashe injin nan take bayan takun ne. Ƙafar Baba ta fi ƙarfina, amma waya ba ta fi ba. Na sa bakaniken ya zare makashin daga gefen direba, ya ƙara masa tsawo, ya fito da shi gefena. Baba ya taka yadda ransa ke so, ni in jira injin ya huce in ja. Na dawo gida ina jin kaina kamar wanda ya gano maganin mutuwa.

Dabarar ta ci. Turbon ya zauna lafiya, muna hawa tudun da cikakken lodi, masu dusa suka bar zancen sabon kamyo. Baba kan tsaya, ya yi rurinsa, hannunsa ya lalubi gefen gwiwa ya tarar da rami. Sai ya ɗora hannun a cinya ya zauna yana kallon gaba har in ja. Wata rana zazzaɓi ya kwantar da ni, ya fita da kamyon shi kaɗai zuwa Korgom. An gaya mini da ya isa sai da ya sauko, ya zagaya ta gaban mota a idon mutane, ya buɗe ɗaya ƙofar ya kashe. Labari ya riga shi dawowa tasha. Wani tsohon abokin wasansa ya tare shi da cewa, "Direba, ashe yanzu sai ka nemi izni wurin ɗanka kahin ka kashe motarka?" Aka yi dariya, shi ma ya yi.

Na ce wa Baba su je su yi ta surutu, mu dai muna hawa tudu. Na ce in ya so a mayar da wayar, zan riƙa riƙe masa gwiwa da hannuna. Ya ce a bar ta inda take, aikin ya yi kyau.

Kasuwar da ta biyo baya shi ya tuƙa mu har Isawan. Ya hau tudun a natse, ya tsaya a inda muka saba, wannan karon ko takawa bai yi ba. Muka zauna injin na numfashi, na ja. Alhajin dusa ya taso da fara'a ya zagayo gefen direba, ya fara zancen kayan mako mai zuwa, wai akwai ƙarin buhuna da za a biya a ɗauka a Mayahi. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya sauko a hankali, ya kakkaɓe rigarsa.

"Alhaji, daga yau da shi za ku riƙa magana. Shi ad direba."

Na zagayo da sauri. "Baba, don ku na yi wanga aiki duka. Don ku zamna bisa kujerarku."

"Na sani," ya ce. "Ka yi ƙoƙari, Allah shi yi ma albarka. Motar ta samu sauran kwana. Amma mai kashe ta shi ka tada ta."

Na so in yi gardama, don gardama ba ta taɓa yi mini wuya ba, amma Baba ya riga ya juya baya. Baƙin ciki ya kama ni a tsakiyar kasuwa, ga mutane, ga masu sauke kaya suna tambayata inda za su jera buhuna. Na nuna musu. Baba ya shiga cikin kasuwa ya daɗe, ya dawo da ƙullin goro da sabuwar tabarma a naɗe a hammatarsa. Ya jefa ta bayan mota tare da awaki, ya buɗe ƙofar gefen da na saba zama ya hau.