Jakin da Na Hana Kuka

Kafin zuwan Nasara, gero nake kaiwa Katsina daga Runka a kan jakai. A dajin nan, jaki mai kuka shi ke kira maka mahara, ni kuwa ba na ɗaukar wannan iskanci.

Akwai wani ɗan jaki ja da na raba da uwarsa, ya kwana uku yana kuka a turke. Na ɗaure masa dutse a wutsiya, tunda jaki ba ya kuka sai ya ɗaga ta. In ya buɗe baki, sanda a kunne. Kafin lokacin kaka ya yi shiru, na ɗora masa akumari da taiki. Shekara tara yana dako, gyambon bayansa bai taɓa warkewa ba.

Ranar da ya karye a bayan garin Karare, na raba wa sauran jakai kayansa, na bar shi nan. Jaki ba a yanka shi, kuraye kuwa sun san hanyar. Na yi ta waiwaye, ko ɗan banzan zai kira ni sau ɗaya. Yana kwance yana kallona, bakinsa a rufe, yadda na koya masa.