Ranar Da Yaya Sabo Ya Ƙi Ɗaga Murya

Da kakar nan shekara huɗu ke nan da muka kai Yaya Sabo makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ban yi niyyar rubuta komai a kansa ba. Ni mai gyaran keke ne a bakin tashar jirgi ta Lafia, bokon ma sai da furfura ta fito mini na koye shi a ajin manya. In kun ga rubutun ya karkace, ku karanta shi a haka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wasu samari biyu ne masu manyan riguna suka zo rumfata makon jiya. Wai minista zai zo gari, suna so in shiga motar nan mai lasifika a zaga ƙauyukan bayan Shabu da ni, in gaya wa mutane alherin da ke tafe. Na ce musu ni muryata ko akuya ba ta kora. Ɗayansu ya yi dariya, ya ce, "Baba, inji ne zai ɗaga muryar. Kai dai ka fara da cewa ƙanen Sabo Mai Shela ne ke magana."

Na ce su ba ni lokaci. To ga amsar, kuma gara su karanta ta tare da kowa.

Wanda bai zauna a Lafia ba bai san abin da wannan suna ya ɗauka ba. Yaya Sabo shi ne mai shelar gari. In an sa ranar allurar shanu, ko an tsinci yaro a kasuwa, ko an hana ɗibar ruwa a wata rijiya, shi ne zai buga kugensa, ƙarfen nan da ake bugawa don a yi shiru, ya faɗa. Uwarmu Alago ce, a nono ya sha harshenta. Harshen Egon da na Tibi kuwa a kasuwar doya ya tsince su. Magana ɗaya sai ya faɗe ta sau huɗu, kowa ya tafi gida da ita cikin harshen gidansu. Kuma a al'adarmu babban mutum ba ya ɗaga murya a taro. Yana zaune a inuwa ya yi maganarsa a hankali, mai shela na tsaye a rana ya ɗauka ya kai ta sahun ƙarshe. Haka muka taso muka gani, babu wanda ya ga aibinsa.

Sai ga shi an fara naɗa 'yan ƙasa minista a Kaduna. Kai, mun yi murna! Muka ce yanzu mai jin yarenmu ne a sama, wanda ya san ƙaya a tafin ƙafa. Da aka ce ɗayansu zai zo rangadi, gari ya cika har bisa bishiyoyi. Dattawan ƙauyukan bayan Shabu suka kawo kukansu: akwai wani rafi da ya raba su da hanyar gari, da rani yaro na tsallake shi, da damina yana tafiya da saniya. Minista ya saurara, ya gyaɗa kai, ya yi magana a hankali. Yaya Sabo ya buga ƙarfe ya ce gwamnati za ta gina musu gadar siminti kafin ruwa ya sauka, su dai su tara duwatsu a bakin rafin. Ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Alago, da Egon, da Tibi. Mata suka yi guɗa. Ranar ya dawo gida murya a dishe, yana ta murmushi, ya ce mini tun da yake bai taɓa isar da magana mai daɗin wannan ba.

Ga abin da minista bai sani ba, ko bai tambaya ba. Mutanen nan suna da gadarsu tun kakanni. Duk rani sukan yi gayya su sare giginya, su jera gungumen a kan rafin, su ɗaure, su zuba rassa da ƙasa. Ba ta da kyan gani, amma tana kai su kaka. A wannan ranin dattawa suka ce me za a sari giginya a kai, siminti na zuwa? Ƙarfin maza duka ya tafi wurin fasa dutse, na mata wurin ɗauka a ka. Suka tara tuli har ya fi ɗaki tsayi. Suka jira. Hadari ya haɗu, ruwa ya sauka, babu wanda ya zo ko da igiyar awo.

Da sabuwar doya ta fito, matar wani manomi Egon mai suna Bulus ta ɗauko kayanta za ta kasuwa. Saratu sunanta. Ta hau gungumen bara, wanda gara ta riga ta cinye cikinsa, ya karye da ita. A can ƙasa aka tsinci gawarta, ta maƙale a saiwar bishiya.

Ina kasuwa ranar da Bulus ya zo, ina mayar wa wani sarƙar keke, kusa da inda Yaya ke zama. Bai zo da sanda ba, bai yi zagi ba. Ya tsaya a gabansa ya ce, "Mai Shela, kai ne ka ce."

Yaya ya tashi ya yi masa gaisuwa, sannan ya ce, "Bulus, minista ne ya ce. Ni isarwa kawai na yi."

"Ni ban ji shi ba. Bakinsa na gani yana motsi. Kai na ji. Da harshen uwata ka gaya mini."

Ya juya ya tafi. Yaya ya koma ya zauna a wurinsa har kasuwa ta watse.

Daga nan ya shiga bin ofis-ofis da tambayar gada. Wannan ya ce magana tana Makurɗi, wancan ya ce ta wuce Kaduna, wani ya ce masa shi mai shela ina ruwansa da siminti. Ya ci gaba da aikinsa, amma na lura in ya gama shela ba ya tsayawa raha kamar da. Mutanen ƙauye kuwa in ya buga ƙarfe sai su dube shi su ci gaba da cinikinsu.

Bayan damina biyu aka ce ministan nan zai dawo. Aka share gari, aka kori mabarata daga bakin hanya. Ku ji abin da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Karo na farko da motar hukuma ta taɓa isa bakin wannan rafi, zuwa ta yi ta kwashe duwatsun da mutanen suka tara. Aka shafa musu farar ƙasa, aka jera su gefen titi daga tasha har filin taro, don baƙo ya ga gari da tsabta. Na ga Bulus ranar taron yana tafe a tsakaninsu, yana kallonsu ɗaya ɗaya.

Aka zauna. Minista ya gaishe da jama'a, Yaya ya isar. Ya yi godiya, Yaya ya isar. Sai ya ce gwamnati ta ƙudura za ta haƙa rijiyoyi, ta buɗe ɗakin shan magani a ƙauyuka kafin baɗi. Yaya ya ɗaga ƙarfe, bai buga ba. Ya juya wa jama'a baya, ya durƙusa a gaban rumfa, ya yi magana da muryar da ba ta wuce sahun gaba ba.

"Ranka ya daɗe, ta bara waccan fa? Gadar. Da bakina na faɗa, har an yi rashi a kanta."

Wani daga cikin manyan gari ya daka masa tsawa. Minista ya ɗaga hannu, ya yi murmushi, don gaskiya mutum ne mai fara'a. Ya ce, "Malam, gaya musu ana nan ana duba maganar."

"Allah ya ja zamaninka, ga su nan. Tashi ka gaya musu."

Ya ajiye ƙarfen a ƙasa, ya koma gefe ya naɗe hannu.

Kada in yi muku ƙarya, babu wani abin mamaki da ya faru. Minista bai ji kunyar da za ta hana shi cin abinci ba. Ya tashi dai, dole, ya yi 'yan maganganu, muryarsa ba ta kai ko tsakiyar fili ba. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta yi ta kiran "Ba mu ji ba, ɗan nan! Ƙara buɗe baki!" har mutane suka fashe da dariya. Aka rufe taro da wuri. 'Yan doka suka tafi da Yaya, ya sha mari, ya yi kwanaki a tsare. Da ya fito an ba wani aikinsa. Wasu da ke cin tuwo a gidanmu suka daina bi ta ƙofar. Aka ce ya yi rashin kunya, aka ce wasu ne suka zuga shi, aka ce ya taɓu. Ya koma dakon doya a tasha, mutum mai shekara kusan sittin. Tari ya kama shi da damina, bai kai ƙarshen kaka ba. Daga cikin waɗanda suka zauna a inuwa ranar nan babu wanda ya zo jana'iza. Bulus ya zo, shi da mutanen ƙauyensu. Ba sa salla, sai suka tsaya daga gefe a rana har aka gama.

Yanzu ana ta cewa mulkin kai, mulkin kai. Ministoci sun ƙaru, motoci sun ƙaru. Ban ce ba a yi komai ba. An gina makaranta, ɗana na biyu yana ciki. An haƙa rijiya a unguwarmu, muna sha. Amma in ka ce na gode da rijiya, ina gada, sai a ce kai butulu ne. To butulcin me? Daga gonar ubansa ya sayar da doya ya haƙa? Harajin kanmu ne, da na shanun Fulani, da na riɗin da muke kaiwa ma'auna. Wanda aka ba ajiya in an tambaye shi ina kaya, ba zagi ba ne.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga motar nan mai lasifika. Ina jin dariya zai fara yi, don muryarta kamar jaki ya haɗiyi gwangwani. Daga baya dariyar za ta ɗauke. Shi in ya faɗi magana, gobe yana kasuwa, jibi yana kasuwa, wanda aka cuta ya san inda zai same shi. Ita kuwa ta shigo da ƙura, ta zazzage alkawari a gindin bishiya, kafin ka ɗaura zani ta kai garin Akurba. Wa za ka riƙe wa riga? Masu ita sun san da haka. Sun kuma san mutanen bayan Shabu sun daina fitowa in ta yi kuka. Shi ya sa suka zo rumfata.

Na tambayi samarin nan wane alheri ne zan faɗa. Babban cikinsu ya ce, fuskarsa ko gezau, "Na farko, Baba, gadar siminti." Ina jin bai san komai ba, lokacin yana makaranta. Ban zarge shi ba. Amma wanda ya aiko shi ya sani, kuma ya san dalilin da sunan Sabo ke da nauyi a can. Sunan ya yi nauyi ne ranar da mai shi ya rufe bakinsa. Shi ne yanzu ake so in ɗauka in zuba a cikin inji, don mutane su sake ajiye gatari su jira.

Yaya bai mutu ya bar gida ba, bai bar gona ba. Bai sa an gina gadar ba, har yau babu ita. 'Ya'yansa mata biyu suna hannuna, wani lokaci nakan ji haushinsa, in ce da ya isar da maganar nan kamar kullum da yanzu yana raye a inuwa. Haushin ba ya daɗewa. Abin da ya bari shi ne, a ƙauyukan nan in an kawo maganar gwamnati, dattijo zai tambaya wa ya faɗa, a ina yake kwana, kuma yaushe zai dawo. Da ba sa tambaya. Wannan kaɗai gadon da na gani, kuma ba nawa ba ne ni kaɗai balle in bayar da shi aro.

Saboda haka, samari, kada ku ɓata mai ku biyo ta rumfata. Ba zan shiga ba. Ku gaya wa mai gidanku in yana da magana da mutanen bayan Shabu, hanya ta bushe, mota na zuwa har bakin rafin. Ya je ya tsaya a gabansu ya faɗa da kansa, ya sa wata, ya faɗi wanda za a kama in watan ya wuce.

Ranar taro kuwa ina sahun gaba. Ba ni da muryar Yaya, amma daga nan zuwa rumfa ba nisa, kuma tambayar gajera ce. Duk wanda ya bar kekensa a wurina ya zo ya karɓa kafin ranar, don ban san inda zan kwana ba.