Irin Geron Baba Isiyaku

Ban taɓa mantawa da ranar da abokin aikina Habu ya sha gabana a kan marar lafiyata ba.

Lokacin ina shekara ta goma sha ɗaya a sashen gashin ƙashi na wani ƙaramin asibiti a yankin Ɗambatta. Aikinmu shi ne, in an yi wa mutum tiyata a Kano, a turo mana shi mu motsa masa jiki har ya koma tafiya. Da kaka aka kawo Baba Isiyaku, manomi daga wajen Kunci, an yi masa aikin ƙashin baya. Hoto ya nuna aiki ya yi kyau, ciwo ya warke, amma mako biyar bawan Allah ya ƙi sauke ƙafa. Likita ya ce in ya ƙara wata guda a kwance, ƙafafun za su saki, shi ke nan.

Ba abin da ban yi ba. Na lallasa, na yi faɗa. Sai ya juya fuska bango ya ce, "Ɗana, bar ni. Na tashi na yi me?"

Habu kuwa, wata uku da zuwansa, takardarsa ma ba ta kai tawa ba. Ba ya taɓa tsohon, sai dai ya ja benci su yi ta hirar gona. Na ce a raina, kai, wannan zaman kashe wando aka turo shi yi. Ashe a hirar ya gano 'ya'yan sun yi girbi sun ɗaure dammuna ba wanda ya shawarci tsohon, wai kada a dame shi. Alhali shekara arba'in tsohon ne ke zaɓar zangarniyar da za a ajiye iri.

Ranar Laraba sai ga babban ɗan tsohon da dami biyu na gero a bayan babur. Habu ya sa aka ajiye a ƙarshen baranda, daidai inda tsohon ke hangowa, ɗan ya tsuguna yana zaɓe.

"Kai, Sale! Wannan mai ɓurtuntunar za ka ajiye?"

"Baba, ban gani ba."

Wallahi ina tsaye tsohon ya dafa gado, ya kama sanda, ya taka har can yana zagin ɗan.

Likita ya yaba wa Habu a gaban kowa. Ni ko barka ban iya ce masa ba. A rahoto ma na rubuta cewa atisayena ne ya yi aiki, Allah ya yafe mini.

Tun daga ranar ba na taɓa bayan mutum sai na tambaye shi abin da ya bari a gida. Wajen Habu na koya, kuma har ya bar asibitin ban faɗa masa ba.